Zare: dogayen kalmomin yaren Poland ba dodo ba ne

1/ Duk sanda wani ya sa hoton doguwar kalmar yaren Poland a nan, sai a hau dariya, wai mage ce ta bi ta kan kibod. Har akwai masu fasa neman karatu a Warsaw saboda wannan tsoron. Ni dai a ganina tsawon ba shi ne matsalar ba. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da wanda kowa ya sani: Lewandowski. Sunan nan a nahawu sifa ce, shi ya sa matarsa take Lewandowska. Gaɓa 4: Le-wan-dow-ski. Ana furta shi Le-van-DOF-ski, don "w" nasu "v" ce, in ta zo kafin "s" kuma ta koma "f".

3/ Kun lura da inda murya ta yi ƙarfi? Gaɓar kusa da ta ƙarshe. Kusan duk kalmomin yaren haka suke. Turanci bai taɓa yi mana wannan adalcin ba.

4/ Ga sifa ta gaske: międzynarodowy, wato "na ƙasa da ƙasa". Ku fasa ta: między (tsakanin) + naród (al'umma) + owy (ɗafin da ke mai da suna sifa). Mię-dzy-na-ro-DO-wy. In jimla ta sa ta zama międzynarodowego, sai ƙarfin ya matsa gaba: mię-dzy-na-ro-do-WE-go.

5/ Dabarar ita ce a ƙirga wasula, a daina ƙirga haruffa. Amma a kula: "i" da ta zo tsakanin baƙi da wani wasali ba gaɓa ba ce, tausasa baƙin kawai take yi. "Nie" gaɓa ɗaya ce, kamar "nye". "Dzie" kuma kusan "je" ɗinmu.

6/ To yanzu ku gyara zama: dziewięćdziesięciopięcioletni. Haruffa 29. Ma'anarta "mai shekara 95", shi ke nan fa. Gaɓa 9 kacal: dzie-więć-dzie-się-cio-pię-cio-let-ni. Da bakinmu kusan je-vyen-je-shen-co-pyen-co-LET-ni. Casa'in, biyar, shekara, an ɗinke su wuri guda. Mu ma "mai shekara casa'in da biyar" muke cewa, rata kawai muke bari a rubutu.

7/ Inda gizo ke saƙar shi ne cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muke cusa wasali: haka muka samu burodi da firamare. Wannan sabon ne ke kayar da mu, ba tsawo ba.

8/ Gola Szczęsny: haruffa 8, gaɓa 2. "Sz" ita ce "sh", "cz" kuma kusan "c" ɗinmu ta "ciki". Shcen-sni. Bakin Bahaushe zai so ya ce Shicesini, gaɓa 4, kuma ɗan Poland sai ya yi jim kafin ya gane wa ake nufi. Wallahi gajeren sunan nan ya fi waccan mai haruffa 29 wuya.

9/ Ba cewa nake yaren banza ne ba. Sifarsu tana sauya ƙarshe gwargwadon jinsi, adadi da matsayinta a jimla, matsayin nan kuma har 7 ne. Nan ne mai koyo zai yi gumi.

10/ Wanda ya isa ya furta ta 6/ a numfashi ɗaya ya turo murya mu ji.