Koci Ba Mai Kemis Ba Ne

Idan samarin unguwarku suka roƙe ka ka riƙa horar da su ƙwallo, ka amsa musu. Daga Ka'oje zuwa Illo, daga Tsamiya zuwa Lolo, duk garin da ka shiga a ƙaramar hukumar Bagudo za ka tarar da filin da yara ke cika bayan la'asar, kuma babban da ya tsaya a kansu ba don albashi ba ya yi wa gari hidima. Sai dai tun kafin ka sayi usur, ina so ka ɗaukar wa kanka alkawari guda: ba za ka ba yaro ƙwaya don ya iya buga wasa ba, ba kuma za ka kau da kai idan ka ga ya haɗiya ba.

Zaman kan iyaka ne ya sa nake nanata wannan. Hanyoyin da ke haɗa mu da Jamhuriyar Benin suna da yawa, ba duka ake tsaronsu ba, kuma magani na cikin kayan da ke bin su. Wanda ya fi damuna shi ne tramadol, wato tramol a bakin samari. Mai nauyin miligiram 50 da 100 ne aka amince da shi a Najeriya, amma wanda ke yawo a aljihu sau da yawa 225 aka rubuta a jikinsa. A asibiti ba ma wuce miligiram 400 a yini ga baligi, ba ma kuma ba yaron da bai kai shekara 12 ba. To, ka lissafa: ɗan shekara 15 da ya haɗiye guda biyu kafin wasa ya zarce abin da za a ba mahaifinsa a yini guda bayan tiyata. Maganin nan yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana rage numfashi, yana kuma kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024. Yaron da ke mafarkin Turai ya kamata ya ji wannan daga bakinka.

Za ka ce kai diclofenac ko ibuprofen kawai kake bayarwa, su kuwa kowa na sha. Haka ne, amma ka dubi inda ake shan su. A watannin Maris zuwa Mayu zafin ƙasarmu kan haura digiri 40. Yaron da ya yi awa guda yana gumi, jinin da ke isa ƙodarsa ya riga ya ragu, magungunan nan kuwa ƙara rage shi suke yi, ga su da cin ciki idan babu abinci. Sannan ciwo ɗan aike ne. Ƙashin yaro yana da wuri mai laushi kusa da gaɓa, inda yake ƙara tsawo, kuma abin da kake ɗauka targaɗe ne yana iya zama tsagewa a daidai wurin. Ka danne zafin, ya koma fili, sai ƙaramin rauni ya zama ɗingishin shekaru. Wanda ba ya iya gudu sai da magani, benci ne wurinsa ranar nan, ko da shi ne mai cin ƙwallayenku.

Jarkar ruwa mai tsabta ta fi kowace ƙwaya amfani a bakin fili. Ka tsayar da wasa a sha ruwa ko babu wanda ya nema, ka ja horo zuwa sanyin yamma, da azumi kuma ka bari sai an sha ruwa. Ka tambayi iyaye tun ranar farko ko yaro na da sikila, asma ko farfaɗiya. Ku ma iyaye, kada kunya ta sa ku ɓoye. Kocin da bai sani ba ba zai kiyaye ba.

Idan kawuna suka gwaru, yaro ya tashi yana jiri ko ya rikice, ya gama wasa ke nan. Kada a ba shi aspirin ko ibuprofen, domin suna iya ƙara zubar jini a cikin kai. Amai, barci mai nauyi ko ciwon kai mai ƙaruwa na nufin asibiti a daren.

Akwai kuma faɗuwar da babu wanda ya taɓa ɗan wasa. Haka Samuel Okwaraji ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola, bai tashi ba. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a 2021, ya rayu, saboda an fara danna masa ƙirji nan take. Idan yaro ya faɗi haka, ba ya amsawa, numfashinsa ba daidai ba, kada a tsaya fifita ko cusa cokali a baki. A kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Birnin Kebbi na da nisa daga nan, don haka ka roƙi ma'aikacin jinya a asibiti mafi kusa ya koya maka dannar da hannunsa, ka kuma ajiye lambar direba biyu a wayarka kafin wasan farko.