Mun san cajin wayarmu, ba mu san iskar tayarmu ba

Kowannenmu ya san batirin wayarsa ya sauka zuwa kashi 23. Amma ka tambayi ɗan Adaidaita Sahu iskar da ke tayarsa, sai ya danna ta da yatsa ya ce "ta yi". Yayana ma haka yake yi, ga shi kullum yana ɗauke da mutum huɗu a Kano.

A aikina na haɗa manhaja na koyi abu ɗaya: abin da ba ka auna ba, hasashe kake yi. Shi ya sa nake ganin na'urar da ta fi cancanta mai keke ya fara saya ita ce ƙaramin gejin iska na dijital. Ko kusa bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, ta ɗau zafi, ta cinye gefenta, ta kuma ƙara shan mai, kuma mun san yadda mai ya koma tun cire tallafi a 2023. Wadda aka cika fiye da kima tsakiyarta ke cinyewa, riƙon kwalta ya ragu. Keke kuwa taya ɗaya gare shi a gaba. In ta fashe ana gudu, kifewa ba wuya.

Ka auna da safe kafin ka fita, domin duk ƙarin zafi na digiri biyar zuwa shida yana ɗaga iskar da kusan PSI ɗaya. Lambar da ke jikin taya iyaka ce. Adadin da za ka bi yana littafin keken. Tayoyin baya su zo daidai da juna.

Wajen saye, yawancin Bajaj RE da TVS King 4.00-8 suke ɗauka. Duba lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. 'Yar gwanjo mai kyan fuska na iya zama tsohuwa.

Wani zai ce mai faci ya san aikinsa. Gaskiya ne, amma gejinsa ya sha wuya, kuma ba shi zai hau keken ba. Akwai na'urorin TPMS masu turo ma'auni waya ta Bluetooth. Suna burge ni, amma geji ne farko.

Na saya wa Yaya nasa. Kai ma in akwai mai keke a gidanku, fara da wannan.