Ana Gardamar Abin Barbaɗawa, An Manta da Naman

Ranar Asabar da ta gabata ɗiyata ta matsa sai na saya mata shawarma, kuma ta gindaya sharaɗi: mai sosej biyu. Na tsaya a wani shago a kan hanyarmu ta komawa gida, ina kallon yaron da ke haɗawa yana jera jajayen sandunan naman nan a kan faranti mai zafi. Na ce masa, "Samari, wannan naman mene ne?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Sosej ne, Alhaji." Na ce na sani, amma na wace dabba? Ya ce shi dai haka ake kawo musu a kwali. Na nemi ledar da aka ciro su, ya ce an zubar tun safe. Ba na zargin yaron da komai, kuma mai yiwuwa naman kaza ne mai kyau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a layin nan na mutum bakwai ko takwas, kowa yana da ra'ayi a kan yawan kabeji da mayonis da barkono, amma ba wanda ya damu da abin da ake naɗewa a tsakiya. Wannan ya mayar da ni shekarun da na yi ina karatun digiri na uku a kusa da Shikago, a ƙasar da ta mayar da irin wannan gardama al'ada.

Abincin da Amurkawa ke kira hotdog ba wani abu ba ne illa niƙaƙƙen nama da aka cuɗa da gishiri da kayan ƙamshi, aka ɗura a hanji, aka dafa ko aka gasa, sannan aka kwantar da shi cikin dogon burodi da aka tsaga. Ba mu da sunansa a Hausa. Wasu manhajojin fassara na waya suna kiran sosej "tsiren alade", wanda hakan ya mayar da na shanu da na rago duk haramtattu a baki ɗaya, hotdog kuwa su ce "kare mai zafi". Abin dariya ne, amma sunan na Turanci ma da zargi aka haife shi. Ya bazu ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ba'ar da ake yi wa masu sosej mai arha ita ce da naman kare suke haɗawa. Asalin sana'ar ta Jamusawa ce da mutanen Ostiriya, shi ya sa har yau ake kiransa da sunayen biranen Frankfurt da Biyana. Baƙin haure ne suka tsallaka da ita, suka riƙa tura ta a amalanke suna sayar wa leburori.

Daga abincin lebura ya zama tutar ƙasa. A watan Yunin 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya karɓi baƙuncin Sarkin Ingila George na Shida a gidansa na Hyde Park, kuma hotdog na cikin abin da aka gabatar wa sarkin. Duk ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin kansu, ana gasar cinsa a Coney Island da ke birnin Niyok, inda a 2021 wani mai suna Joey Chestnut ya haɗiye guda 76 cikin minti goma. Na taɓa kallon gasar a talabijin, ban iya cin abincin dare ba ranar.

Gardamar tasu kuwa a kan abin da ake ɗorawa take, kuma kowane gari da mazhabarsa. A Niyok mastad ne mai ɗan yaji, da kabeji mai tsami irin na Jamusawa, ko albasa da aka dafa cikin jar miya. A Detroit, inda Girkawa suka riƙe sana'ar, ana kwarara masa miyar niƙaƙƙen nama, a bi da mastad da ɗanyar albasa. A Seattle cuku mai laushi suke shafa wa burodin. A Tucson, kusa da iyakar Meziko, sai an naɗe shi da siraran yankan naman alade kafin a gasa, sannan a zuba wake da tumatir. Ɗalibinmu da ya je can ya kiyaye, domin ko da sosej ɗin na shanu ne, rigarsa ba ta shanu ba ce.

Na Shikago shi ne wanda na fi sani, kuma shi na fi so, ba don na zauna a can kawai ba. Sosej ɗin naman shanu ne zalla. Burodin an barbaɗe shi da wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'ya masu kama da riɗi, an turara shi ya yi laushi. Abubuwa bakwai ake ɗorawa: mastad ruwan ɗorawa, yankakkiyar albasa, wani kwaɗon kokwamba mai zaƙi kore shar kamar an rina shi, dogon yankin kokwamba da ta jiƙu a ruwan kal, tumatir, ƙananan barkono masu tsami, sai a ƙare da gishirin seleri. Tsami da zaƙi da yaji da sanyi da zafi duk a loma guda. Wanda ya girma da tsire da ɗanyar albasa da tumatir ba zai ji baƙunta ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kecop, jar miyar tumatir ɗin nan mai zaƙi ta kwalba. Akwai shagunan da ba sa ajiye ta ma, kuma Barack Obama, wanda ya yi siyasarsa a birnin, ya taɓa cewa bai dace ba ga duk wanda ya wuce shekara takwas. Ni ma a nan ina tare da su: sukarin da ke ciki yana danne ɗanɗanon naman, kamar mutum ya zuba zuma a kan balangu.

To, amma me ya sa na Shikago ya zama na shanu zalla a garin da ya taɓa zama babbar mayankar aladun duniya? Saboda waɗanda suka kafa shi ba sa cin alade. Kamfanin Vienna Beef, wanda mafi yawan shagunan birnin ke sayen kayansa, ya samo asali ne daga wasu Yahudawa biyu, Emil Reichel da Samuel Ladany, da suka sayar da sosej a bajekolin duniya na Shikago a 1893. A Niyok ma Nathan Handwerker, Bayahude daga Poland, shi ya buɗe rumfarsa a 1916 yana sayar da na shanu a kan senti biyar, rabin farashin tsohon maigidansa. Ana ba da labarin cewa arhar ta sa mutane suka tsargu, har sai da ya sa wasu suka sanya fararen riguna irin na likitoci suka tsaya suna ci a gaban rumfar. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, yana nuna cewa abin da mai sosej ke sayarwa tun farko amana ce, nama na biye.

Dalili a fili yake. Idan ka tsaya gaban mai tsire, idonka na kan tsokar. Ka san hanta, ka san ƙoda, ka san tozo. Niƙaƙƙen nama kuwa cinikin biri a sama ne. A 1904 wani matashin marubuci, Upton Sinclair, ya yi mako bakwai yana shiga mayankun Shikago cikin kayan leburori, ya fito da littafinsa The Jungle a 1906. Nufinsa ya bayyana wahalar ma'aikata, amma abin da ya girgiza masu karatu shi ne shafukan da ya kwatanta yadda ruɓaɓɓen nama, da wanda ya faɗi ƙasa, har da ɓerayen da aka kashe da guba, ke faɗawa injin niƙa su fito a matsayin sosej. Shugaba Theodore Roosevelt ya tura masu bincike, suka tabbatar da yawancin zargin ƙazantar. A ranar 30 ga Yunin wannan shekara ya sa hannu a dokoki biyu, ta duba nama da ta tsabtar abinci da magunguna. Daga wannan tushe ne ƙa'idojin yau suka tsiro: kitse a hotdog ba zai wuce kashi 30 cikin 100 ba, kitsen da ruwan da aka ƙara idan an haɗa su ba za su wuce kashi 40 ba, idan an sa kayan ciki sai an rubuta a jikin leda, kuma idan hanjin da aka ɗura naman na wata dabba ce daban, sai an faɗi sunanta.

Wannan magana ta hanji ita ce darasin da na koya da kunya. A shekarata ta farko sashenmu ya shirya walimar gashi a filin makaranta. Wata abokiyar karatu, cikin kyautatawa, ta ce ta sayo na shanu musamman domina. Na gode mata, na karɓa, har na shafa mastad. Wani ɗan Pakistan da ya riga ni zuwa ya ɗauko ledar daga kwandon shara ya nuna mini ƙaramin rubutu a ƙasa: naman na shanu ne, hanjin na alade. Na ajiye farantin, ita kuma ta yi ta ba da haƙuri kamar ta yi laifi, alhali ita ma ba ta taɓa karanta wannan layi ba a rayuwarta. Ranar burodi da masara na ci. Amma na lura da abu ɗaya: doka ce ta tilasta a rubuta layin, shi ya sa ya samu abin da zai nuna mini.

Shi wannan ɗan Pakistan ne ya kai ni titin Devon a arewacin Shikago, inda mahautan Indiya da Pakistan da Larabawa suke jere. A can na fahimci cewa amsar "ina zan sayi naman gashi?" ba sunan babban kanti ba ce. Ka nemi mahaucin da zai yanko tsokar a gabanka, ya niƙa a gabanka, ya gaya maka inda aka yanka dabbar. Ga wanda ke yankin Detroit, garin Dearborn ya wadatar. Wasu ɗalibai Musulmi suna sayen na Yahudawa, irin Hebrew National, bisa fahimtarsu ta yankan ma'abota littafi, wasu kuma ba sa yi. Wannan fage ne na malamai. Tambarin halal shi kansa ba ya hana bincike. Jihar New Jersey sai da ta yi doka a shekarar 2000 domin hukunta masu liƙa shi a kan ƙarya. A Turai kuma, a 2013, aka gano naman doki cikin kayan da aka rubuta na shanu ne a ƙasashe da dama, kuma a cikin wannan bincike aka samu alamar alade a sosej ɗin kaza mai tambarin halal da ake ba yara a wata makarantar firamare a Landan.

A Devon ɗin ne na haɗu da sosej ɗin da ya fi hotdog a wurina, wato margez na mutanen Aljeriya da Tunisiya da Moroko: naman rago ko na shanu, jan barkono, tafarnuwa, a ɗure cikin siririn hanjin tunkiya. Idan ya hau garwashi kitsensa na ɗiga, ƙamshin ya tashi, sai ka rantse kana bakin tukubar mai tsire da magariba. Na riƙa gasa shi ina barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli da ake aiko mini daga gida, da citta da masoro a ciki, na haɗa da albasa. Abokaina Amurkawa da suka ɗanɗana sun daina yi mini wa'azin mastad. Har yau ina mamakin yadda mu da muka ƙware a kilishi da dambun nama da tsire, muke da tumaki da shanu da kayan yaji, muke jiran kwali daga wani wuri kafin mu ci sosej.

Mu ma ba mu rasa tsarin amana ba. Sarkin Fawa ba don ado aka naɗa shi ba. A garuruwanmu shi ke da alhakin sanin abin da aka yanka, ya hana mushe da dabba marar lafiya shiga kasuwa, kuma mahauci ya san idan ya ci amana sunan gidansu ne zai ɓaci. Sai dai wannan tsari an gina shi ne a kan naman da ido ke gani. Ikon Sarkin Fawa ba ya kai wa ga ledar da ta fito daga masana'anta mai nisan kilomita dubu. Wannan aikin hukumar NAFDAC ne, kuma lambarta da jerin abubuwan da aka haɗa da ranar lalacewa duk a jikin ledar suke, ledar da yaron shago ya zubar tun safe. Ga kuma matsalar da Amurkawa ba su cika fama da ita ba: wutar lantarki. Sosej ɗin da ya narke a firiza ya sake daskarewa sau uku a mako ba shi ne wanda ya bar masana'anta ba, ko da tambarinsa na gaskiya ne. Idan ka ga leda ta kumbura, ko naman yana yauƙi, ko ƙanƙara ta taru a ciki da jan ruwa, ka bar musu kayansu.

Ko wanda ya tsallake duk wannan, ba abincin kullum ba ne. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, har da sosej, cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, ta ce cin giram 50 a kowace rana, wato kimanin hotdog guda, yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kusan kashi 18 cikin 100. Wannan ba ya nufin wanda ya ci sau ɗaya a wata ya shiga uku. Yana nufin iyayen da ke yanka shi cikin taliyar yara kowace safiya kafin makaranta su sake lissafi.

A daren Asabar ɗin nan dai ɗiyata ta samu shawarmarta, amma ta kaza zalla, ta yi fushi da ni har muka isa gida. Ranar Talata na sake bi ta shagon. Yaron na hango ni ya yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ciro leda a ninke, ya ce, "Alhaji, na ajiye maka." Muka karanta tare a hasken wayarsa. Kaza ce, da lambar hukuma, saura wata huɗu ta lalace. Mutumin da ke bayana a layi ya miƙo hannu ya ce shi ma a ba shi ya gani.