Kufan Turunku Aji Ne, Mu Kai Ɗalibanmu Su Gani

'Yan'uwa malamai, darasin Tarihi ya dawo cikin jadawali bayan an shafe sama da shekara goma ba a koyar da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. Tun zangon karatu na 2009/2010 aka janye shi, sai a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawowarsa, tare da alkawarin horar da malamai 3,700. Mun yi murna, kuma murnar ta dace. Sai dai shigar darasi cikin jadawali daban, shigarsa zuciyar yaro daban. Abin da ya fi yawa a azuzuwa shi ne a cika allo da sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa, kafin hutu ya ƙare sun manta. Ra'ayinmu a nan guda ne: bai dace ɗalibi ya gama aji uku na ƙaramar sakandare a garin Kaduna ba tare da ya taka kufan ɗaya daga cikin tsofaffin biranenmu ba, kuma wajibi ne reshenmu ya ɗauki wannan magana ya kai ta inda za a yi aiki da ita.

Ba sai mun yi doguwar tafiya ba. A ƙaramar hukumar Igabi, maƙwabciyarmu, akwai Turunku, inda hedikwatar ƙaramar hukumar take, kuma har gobe ana rarrabe Turunku Sabuwa da Turunku Tsohuwa. A can, tsakanin duwatsu, ragowar ganuwar tsohuwar fadar Zazzau take kwance. Jerin sarakunan Zazzau ya sa Bakwa Turunku a matsayi na 22, wajen shekarar 1536, kuma a wannan zamani ne aka ce sarauta ta ƙaura arewa zuwa gindin Kufena, inda birnin Zariya ya kafu, ya ɗauki sunan ƙanwar Amina. Ruwayar baka ta danganta ƙaurar da ƙarancin ruwa. Yaranmu sun san sunan Amina sarai. Suna jin sa a kwalejin 'yan mata da ke Kakuri, suna ganin zanenta a littafi bisa doki da takobi a hannu. Amma su nawa ne suka san cewa garin da ake danganta tasowarta da shi yana nan kusa, tafiyar da za a je a dawo a yini guda?

Akwai wani darasi a Turunku da ya fi sanin wurin nauyi. Madogaran tarihinmu ba su haɗu a kan zamanin Amina ba. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, ya kuma bayyana cewa ikonta ya kai Nufe da Kwararrafa. Jerin sarakunan Zazzau kuwa ya kai gidansu ƙarni na 16, ratar da ta haura shekara ɗari. Hatta Bakwa, wasu ruwayoyi sun ce mace ce, wasu sun ce namiji ne. Mai gaggawa zai zaɓi shekara ɗaya ya rubuta a allo, magana ta ƙare. Malamin ƙwarai kuwa zai shimfiɗa wa yara saɓanin, ya tambaye su: idan littafi biyu suka saɓa, wa zai raba gardama? Sau da yawa amsar tana binne a ƙasa, cikin tsingaro da gawayi da tubalin ganuwa, waɗanda masana ke iya auna shekarunsu. Yaron da ya fahimci wannan ya koyi auna magana kafin ya karɓe ta, kuma a zamanin da jita-jita ke yawo cikin wayar hannu, ba ƙaramin makami muka ba shi ba.

Abin da ya faru a ƙasar Sin ya isa misali. An daɗe wasu masana suna shakkar daular Shang, suna ganin jerin sarakunanta da marubucin tarihi Sima Qian ya bari kamar tatsuniya ne. A kusa da birnin Anyang na lardin Henan, manoma sun jima suna tono wasu tsofaffin ƙasusuwa a gonakinsu suna sayar wa masu maganin gargajiya, su kuma su daka su sayar da garin. A shekarar 1899 wani masani mai suna Wang Yirong ya lura cewa zanen da ke jikin ƙasusuwan rubutu ne. Aka bi sawu har kufan Yin, fadar ƙarshe ta daular, wadda ta rayu shekara dubu uku da ɗoriya da suka wuce. Aka fara tono na ilimi a 1928. Ƙasusuwan shanu da ɓawon kunkuru da aka samu, waɗanda sarakuna ke duba da su, sun haura guda 150,000, kuma sunayen sarakunan da ke jikinsu suka dace da mafi yawan jerin da ake shakka. A 1976 aka buɗe kabarin Fu Hao, matar Sarki Wu Ding, wadda rubutun ƙasusuwan ya nuna tana jagorantar runduna zuwa yaƙi, aka tarar da kayan tagulla sama da 400, har da makamai. A 2006 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin kayan gadon duniya, kuma yau 'yan makaranta na zuwa su tsaya a bakin ramin su gani da idonsu. Tasu jarumar ta sami shaida daga ƙasa. Tamu tana jira.

Kada mu manta da ɗaya gefen labarin. Duk ƙashin da aka daka kafin 1899 ya tafi ke nan da rubutunsa, ba mai dawo da shi. Manoman nan ba mugaye ba ne, ba wanda ya taɓa gaya musu darajar abin da ke hannunsu. Haka ganuwoyinmu suke ƙarewa. Wani ya ɗebi ƙasa ya buga bulo, wani ya faɗaɗa gona, wani ya kafa harsashin gida, damina ta ƙarasa sauran. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana a Zariya ya ga yadda gine-gine suka matse ganuwar, alhali ita da dutsen Kufena suna cikin wuraren da dokar ƙasa ta keɓe. Doka a takarda ba ta gadin ganuwa. Mai gadinta shi ne mutumin da aka nuna masa darajarta tun yana yaro. Ɗaliban da ke gabanmu yau su ne magina da kansiloli da jami'an filaye na gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ziyarar kufai ba ta malamin Tarihi ce shi kaɗai ba. Malamin Labarin Ƙasa zai tambayi dalilin da ya sa mutanen dā suka zaɓi gindin dutse, da inda suke samun ruwa. Malamin Lissafi zai sa a auna kaurin ganuwa, a ƙiyasta yawan ƙasar da aka ɗebo da hannayen da suka yi aikin gayya. Malamin Hausa zai zaunar da yara gaban dattawan gari su ji ruwaya daga bakin masu ita, su dawo su rubuta insha'i. Gani ya kori ji.

Mun san abin da ke ran kowa, wato tsaro, kuma ba za mu yi masa riƙon sakainar kashi ba. A watan Maris na 2021 an sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka, nan bayan Mando, cikin ƙaramar hukumar Igabi ɗin da muke magana a kai. A watan Maris na 2024 aka kwashe yaran Kuriga. Babu darasin da ya kai ran yaro guda. Saboda haka muke cewa a tafi mataki-mataki. Matakin farko yana cikin gari: Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, inda ake ganin kayan yumɓu na Nok, da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, da gadar ƙarfe ta Gamji da aka ɗauko daga Zungeru a 1954. Ita kanta gadar guntun wata fada ce da aka yi wa ƙaura, domin Zungeru ce hedikwatar Arewa kafin Kaduna ta gaje ta. Mataki na biyu shi ne Zariya, mai nisan kimanin kilomita 80, a ga ganuwa da Kufena da Masallacin Juma'a na Babban Gwani Muhammadu Durugu. Na uku shi ne Turunku. Can kuwa malamai ne za su fara zuwa su kaɗai, da sanin hakimi da shawarar jami'an tsaro, ba za a ɗauki yaro ba sai waɗannan sun tabbatar hanya ta yi kyau. A tashi da sassafe, a dawo kafin la'asar, ƙungiya ƙarama, kowane yaro da takardar izinin iyayensa.

Batun kuɗi kuma, mun ƙi a ɗora wa iyaye wani sabon haraji, domin yaron da aka bari a aji saboda ubansa bai biya ba ya koyi darasi mai ɗaci wanda ba shi muka nufa ba. Wanda ya mayar da Tarihi cikin manhaja shi ya kamata ya ɗauki nauyin koyar da shi yadda ya dace. Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha su ware kason ziyarar ilimi a kasafinsu. Kafin nan, makarantun Kurmin Mashi da Badiko da Unguwar Sanusi na iya haɗa ƙarfi su ɗauki mota guda. Haka nan tilas kowace tafiya ta kasance da amincewar hukuma a rubuce, da guzurin malaman rakiya, kada wani abu ya faru a bar malami shi kaɗai da jidali.

Akwai iyayen da za su ce waɗannan duwatsu wuraren tsafi ne a dā. Mu amsa musu da ladabi cewa kallon izina muka je yi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya kawo labarin Amina a cikin Infaƙul Maisuri, kuma Musulminmu da Kiristanmu duk an hore mu da mu yi tunani a kan waɗanda suka riga mu, suka gina, suka wuce.

Abin da muke roƙo a zaman reshe mai zuwa kaɗan ne. A kafa kwamiti na malaman Tarihi da Labarin Ƙasa da Hausa, ya tuntuɓi sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello domin samun jagora, ya tsara ziyarar malamai zuwa Turunku cikin rani, lokacin da ciyawa ta kwanta ganuwa ta fito fili, sannan ya kawo mana rahoto. Idan mu da ke riƙe da alli ba mu je mun gani ba, da wane baki za mu ce wa yaro wurin yana da daraja? Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kuma yi mana jagora.