Sudan ta Kudu da abin da muka gani bayan 1970

'Yan'uwa, Sudan ta Kudu ta faɗa yaƙin basasa a 2013, aka ƙulla sulhu a 2018. Majalisar Ɗinkin Duniya ta girke sojoji, ƙasashen waje suna aika abinci, Paparoma Francis ma ya je Juba a 2023. Duk da haka an sake ɗage zaɓe zuwa Disamba 2026.

Mu a Zariya mun taɓa ganin irin wannan. Da yaƙinmu ya ƙare a Janairu 1970, Janar Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya yi shelar afuwa da sulhu. 'Yan ƙabilar Ibo da suka gudu a 1966 suka dawo Sabon Gari da PZ, suka ci gaba da kasuwanci. Maƙwabta ne suka karɓe su. Amma a 1974 Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976, aka hamɓarar da shi a 1975.

Baƙo yana iya ciyar da mayunwata, amma cika alkawari sai shugabanni. Saboda haka kada a taɓa abincin 'yan gudun hijira, amma kuɗin da ke shiga hannun gwamnati a ɗaura shi da ranar zaɓe. Mu riƙa sa su cikin addu'a.