RA'AYINMU: Ina Ake Kai Kuɗin Fanshon Ma'aikaci?

'Yan uwa, duk ƙarshen wata ana yankar kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho na ƙasa, kamar yadda dokar 2014 ta tanada. Kuɗin nan ba a rumbu ake ajiye su ba. Juya su ake yi. Abin tambaya, a ina?

A shekarar 1975 Maroko ta shiga Yammacin Sahara, ƙasar da har yau Majalisar Ɗinkin Duniya ke lissafa ta cikin waɗanda ba su sami 'yancin kansu ba. Akwai ma'adinin fosfat a Bukra'a, wanda da shi ake yin takin zamani. Kamfanin OCP na gwamnatin Maroko ke haƙa yana sayarwa, alhali dubban 'yan ƙasar suna zaman hijira a sansanonin Tinduf a Aljeriya. A 2011 asusun fanshon gwamnatin Norway ya janye jarinsa daga kamfanoni biyu, PotashCorp na Kanada da FMC na Amurka, saboda sayen wannan fosfat. Ba malami ne ya yi masu wa'azi ba, amma sun ƙi cin ribar kayan ƙwace.

Kada wani ya ce labarin nesa ne. Da wannan OCP ɗin Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar taki a 2016, ita da ta amince da jamhuriyar Sahrawi tun 1984. Sannan mu mutanen Sabon Birni da Isa ba sai an fassara mana ma'anar ƙwace ba. Mun ga manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonar ubansa. A maƙwabciyarmu Zamfara, gwamnatin tarayya da bakinta ta danganta haƙar zinare da ta'addanci lokacin da ta hana shi a 2019, ta kuma ɗage hanin a Disamban 2024. Wa ke sayen zinaren nan? Wane banki ke riƙe masa kuɗi? Jarin wa ke cikin bankin?

A 2021 hukumar PenCom ta fito da Asusu na 6, maras kuɗin ruwa. Madalla, mun yaba. To amma a Islamiyya ba riba kaɗai aka hana mu ba. An karantar da mu cewa sayen abin da ka san na ƙwace ne haramun ne.

Saboda haka ɗan uwa, in kai ma'aikaci ne, ko mahaifinka, ko yayanka, ku je ofishin kamfanin fanshonku. Ku nemi a mayar da ku Asusu na 6, sannan ku nemi jerin wuraren da aka zuba kuɗinku, a rubuce.