Ƙasa Ma Tana Shan Iska

A ƙasashe da yawa mutane sukan keɓe ɗan fili a gaban gida ko a bayansa, su shuka gajeriyar ciyawa, su riƙa aske ta har ta zama kamar shimfiɗaɗɗiyar darduma. Mutanen Ingila sun shahara da wannan al'ada. A ƙasar Hausa kuwa an fi ganin irin wannan fili a makarantu, da asibitoci, da wuraren wasan ƙwallo, da gidajen waɗansu ma'aikata. Amfaninsa ba kaɗan ba ne. Yana kwantar da ƙura da rani, yana hana taɓo da damina, yana riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Yaro kuma in ya faɗi a kansa ba ya ƙujewa.

Amma sau da yawa, bayan 'yan shekaru, sai a ga ciyawar ta fara ja, tana yin sanƙo nan da can, tun ba wajen da aka fi takawa ba. Mai fili yakan ce ƙishirwa ce, ya yi ta kwarara ruwa. In bai ga canji ba ya ce yunwa ce, ya sayo takin zamani ya watsa. Ruwan ya gangare ya tafi da takin, kuɗi su salwanta, ciyawa kuwa tana nan jiya i yau. Ya kamata mai fili ya fara duba ƙasar tukuna, domin galibi a nan ciwon yake.

Ƙasa mai lafiya ba a cure take ba. Masana sun auna sun ga kusan rabinta 'yan ƙananan ƙofofi ne, waɗansu cike da ruwa, waɗansu cike da iska. Ta cikinsu ruwan sama yake nutsewa, ta cikinsu kuma saiwa take kutsawa ƙasa. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda mutum yake bukatarta. In ta rasa sai ta shaƙe, ta kasa shan ruwa ko da yana kwance a kanta.

Kowane yaro ya taɓa ganin yadda mata suke yin daɓe. Sukan yayyafa wa ƙasa ruwa, su yi ta bugunta da madaɓi har ta haɗe ta yi ƙarfi, ruwa ba ya ratsa ta. To, abin da madaɓi yake yi a tsakar ɗaki shi ƙafafun mutane da na dabbobi da ƙafafun mota suke yi a filin ciyawa, musamman in ƙasar mai laka ce, kuma an taka ta tana jiƙe. A hankali ƙofofin nan su toshe, wurin ya zama faƙo. Saboda haka wanda ya ƙara wa irin wannan wuri ruwa, sa'an nan ya bari ana ta bi ta kai, daɓe ya yi, ko da bai yi niyya ba.

Gane wannan ciwo ba shi da wuya. Kwana ɗaya bayan an yi ruwa, a sami doguwar ƙusa mai inci 6 a danna ta cikin ƙasa da hannu. In ta shige salin alin, ƙasar lafiya lau take. In ta cije tun ba ta yi nisa ba, ko kuwa ruwa yakan kwanta a wurin ya daɗe bai tsotse ba, to, ƙasar ta danne.

Maganinta shi ne a huda ta. Masu lambu a Ingila suna da wani ƙarfe mai dogayen yatsu huɗu da mariƙi na itace. Sukan kafa shi a ƙasa, su taka da ƙafa har ya shiga kamar inci 4, su ɗan girgiza shi gaba da baya, su zare, su matsa kamar inci 6 su sāke. Akwai kuma wani iri mai yatsu kamar bututu, wanda yakan zaro ɗan curin ƙasa kamar yatsan hannu daga kowane rami. Wannan ya fi kyau a ƙasa mai laka, domin yana rage ƙasar ne, ba ya tura ta gefe. Inda babu waɗannan, siririn dagi ko guntun rodi mai tsini ya isa. Sai dai a yi aikin sa'ad da ƙasa take da danshi. Busasshiya ba ta huduwa, wadda ta yi caɓi kuwa ƙara dannewa take yi.

In an gama huda, sai a gauraya yashi da ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa, a share su da tsintsiya su faɗa cikin ramukan don kada su rufe. Takin nan yakan jawo tana, ita kuwa tana ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada. Dare da rana tana haƙa 'yan hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa. Wani masani Baturen Ingila, Charles Darwin, ya rubuta littafi guda a kan aikinta a shekarar 1881.

Huda kaɗai ba ta cika aiki ba, sai an bi da iri. Dalili kuwa, ƙasa ba ta zama tsirara. In ba a shuka mata abin da ake so ba, ƙarangiya da tsidau za su riga kowa, filin da aka yi don wasa ya zama wurin cire ƙaya. Don haka sai a watsa sabon irin ciyawa a kan tsohuwar, a fi yawaita shi a wuraren sanƙo, a ja manjagara a hankali don ƙwayoyin su taɓa ƙasa. In kirikiri ne, wanda yake yaɗo, ana iya yanko 'yan sassansa masu gaɓa a dasa su a ramukan. Daga nan sai a kewaye wurin da igiya ko ƙaya, a hana takawa har wajen mako 6.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace ƙasa da lokacin da ya dace da ita. A Ingila an fi yin wannan aiki a watan Satumba, sa'ad da ƙasa take da sauran ɗumi, ga kuma danshi. A birnin Landan akwai filayen Wimbildon, inda ake gasar tanis a kan ciyawa tun 1877. Cikin mako 2 na gasar, wurin da 'yan wasa suke tsayawa yakan koma ƙasa zalla. Da an tashi, masu kula da filayen sukan gyara ƙasar su shuka sabon iri, kafin baɗi ta koma kore shar. A ƙasar Hausa kuwa lokacin da ya dace shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna, domin a sami watanni ana ban ruwa daga sama kyauta.

Manoma ma sun san wannan dabara a gonakinsu. A ƙasar Illela ta jihar Tawa a Nijar, tun wajen 1989 suke farfaɗo da faƙo ta hanyar haƙa 'yan ramuka da ake kira tassa. Sukan zuba taki a ciki, gara ta zo ci ta huhhuda ƙasar, ruwan sama ya taru ya nutse, sa'an nan su shuka gero ko dawa. Wuraren da dā ko ciyawa ba ta fita, yanzu ana girbi a cikinsu.

Waɗansu sukan ce wannan wahala ce, gara a malale wurin da siminti a huta. Amma siminti yana da tsada, yana ɗaukar zafin rana, ruwan da ya sauka a kansa kuma sai ya kwarara ya ci gindin katanga ko ya shiga gidan maƙwabci. Waɗansu kuma sukan ce ciyawa maɓoyar macizai ce da sauro. Wannan gaskiya ne game da doguwar ciyawa da aka yi wa sakaci. Wadda ake askewa a kai a kai ba ta ɓoye ko kunama, kuma sauro a ruwa kwantacce yake ƙyanƙyasa, irin wanda faƙo yake tarawa.

Akwai kuma masu cewa ruwan sha ma bai wadata ba, balle na ciyawa. Maganarsu tana kan hanya, bai kamata a yi ɓarnar ruwan rijiya ko na famfo da rani saboda ado ba. Amma kirikirin da saiwarsa ta yi zurfi yana jure fari. Yakan bushe ya yi ja da rani, da an yi ruwan farko ya farfaɗo. Wanda yake kan faƙo shi ne mai mutuwa, domin saiwarsa a sama take.

Saboda haka kowace makaranta mai filin wasa, da kowane gida mai ɗan filin ciyawa, ya kamata su keɓe yini ɗaya a farkon kowace damina don huda ƙasa da shuka iri. 'Yan aji guda, kowa da daginsa, suna iya gama gaban raga biyu da tsakiyar fili kafin azahar. Su ne kuwa za su fara cin moriyar aikin, ranar da aka kwance igiya aka jefa ƙwallo.